Ƙudan Taga da Tsutsarsa Mai Farauta

Idan muka tsaya bakin tagar ɗakin ajiya ko tsohon ɗakin karatu, wani lokaci mukan ga wani ɗan baƙin ƙuda yana tafiya a hankali kan gilashi. Yawancinmu ba ma kula da shi, muna tsammani ɗan ƙudan gida ne da bai gama girma ba. Ba haka ba ne. Ƙuda ba ya ƙara girma bayan ya sami fukafukai. Wannan wani iri ne dabam, masana suna kiran jinsinsa Scenopinus. Wani Bafaranshe mai suna Latreille ne ya raɗa sunan a 1802. Wanda aka fi sani cikinsu shi ne Scenopinus fenestralis, wanda Linnaeus ya bayyana a 1758. Kalmar ta biyu daga Latin take, daga sunan taga.

Yaya za mu gane shi? Tsawonsa kamar milimita 5 ne, wato bai kai ƙudan gida ba. Jikinsa baƙi ne, siriri, ba gashi masu tauri kamar na ƙudan gida. Ƙirjinsa da ɗan doro, cikinsa kuma a baje. Idan ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya bisa bayansa. Da gilashi mai ƙara girman abu za mu iya raba namiji da tamata: idanun namiji sun haɗu a saman kai, na tamata kuwa da rata tsakaninsu. Ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya damuwa da tuwonmu.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne tsutsarsa. Fara ce, doguwa, siririya kamar zare, da ɗan kai mai tauri, ta kuma fi uwarta tsawo sosai. Ba ta cin shara kamar tsutsar ƙudan gida. Mafarauciya ce. A cikin gida takan ɓuya ƙarƙashin darduma, cikin ƙurar tsagin daɓe, ko cikin hatsin da ya daɗe a ajiye, tana kama tsutsar asu mai cin tufafi, da tsutsar ƙuma, da ta ƙananan ƙwari masu ɓata kaya. A daji kuwa ana samun 'yan'uwanta cikin sheƙar tsuntsaye, da gidan gara, da ramukan da ƙwari suka haƙa cikin busasshen itace.

Dangin ƙudan taga duka sun haura iri 400, yawancinsu kuma a busassun ƙasashe suke, har da na Afirka. Kaɗan ne kawai suke shiga gida. Fatauci ne ya yaɗa waɗannan kaɗan ɗin cikin duniya, a buhuna da kayan saƙa.

To, me ganinsa yake gaya mana? Ƙudan da ya fito cikin ɗaki yakan nufi haske, shi ya sa yake ƙarewa a taga. Idan mun ga da yawa a taga ɗaya, tsutsotsinsu sun sami abinci kusa ke nan. A ganinmu fesa masa magani ɓarnar kuɗi ce, gama ba shi ne ɓarawon ba. Gara mu ɗaga darduma, mu shanya barguna, mu kwance buhunan da suka daɗe a kusurwa mu duba abin da yake ci a ciki.