Ɗiyata, Ki Ciyar Da Ƙasa Ta Ba Ki Miya

 'Yar magana ce gare ni, kuma ba ta faɗa ba ce. Ta miya ce.

Ke 'yar Maska ce, kin san ƙasarmu. Daga Funtuwa har Malumfashi, Allah bai hana mu hatsi ba. Ga masara, ga dawa, ga waken suya, ga auduga. Manyan motoci na cika a kasuwar Dandume su nufi kudu. Amma leƙa gidajenmu ki gani. Rumbu cike, uwargida kuwa kowace safiya tana jiran kuɗin cefane. Tuwo muna da shi, miya ce ke cinye aljihu. Yau tattasai ya hau, gobe albasa, jibi a ce tumatir ya yi tashin gwauron zabi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwandon kayan gwari, kuma mai saye ne ke biya. To, kaso mai tsoka na wannan cefanen zai iya fitowa daga bayan ɗakinki. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Ba sabon abu nake kawo miki ba. Kakanninki ba su san gida babu garka ba. Zogale ne danga, rama da yakuwa na gefe, kabewa ta hau rufin ɗaki, lalle na gindin katanga. Da rani kuma jakuna ke jigilar taki a mangala daga gari zuwa gona, Fulani su sauka da shanu a gonar da aka girbe su bar mata albarka. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya. Takin zamani ya zo da araha, masara ta cika ƙasa, mutane suka samu. Alheri ne, ba wanda zai musa. Sai dai a cikin wannan jin daɗin aka yi sake da takin gida. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai ga gonaki da yawa sun gaji, ƙuduji ya yi musu jar hula. Takin zamani kamar kunu yake, ɗiyata, yana kashe yunwar yanzu, kafin azahar ciki ya sake kira. Takin gida tuwo ne, yana zama. Shi ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, tana ta samu wurin zama a cikinta.

Saboda haka kada ki fara da iri. Ki fara da abin da kike sharewa kullum ki kai juji.

Ki sa a haƙa miki rami a inuwa, zurfinsa zuwa gwiwa, faɗinsa taku biyu. A ƙasa ki shimfiɗa busasshen abu: karan masara da aka sassara, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, busasshen ganye. A kai ki zuba kashin awaki ko na tumaki ko na shanu. Sai ɗanyen abu, wato ɓawon albasa, tsinken alayyahu, ɓawon rogo da dankali, ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba. Ki barbaɗa ƙasa, ki yayyafa ruwa. Haka za ki riƙa jerawa har ramin ya cika, sannan ki rufe da tsohon buhu ko zana. Ruwan kada ya yi yawa. In kin damƙi takin ya dunƙule a hannunki amma bai ɗiga ba, ya isa. Bayan 'yan kwanaki ki tura sanda ciki ki zaro, ki taɓa. In kin ji ta da zafi, ki gode wa Allah, aiki ya kankama. Wannan zafin ne ke rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Duk bayan mako biyu a juya shi da fartanya don ya sha iska. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, yana marmashewa, wari ya gushe. In kin ji ɗoyi yana tashi, ruwa ya yi yawa, ki ƙara busasshen kara ki juya.

Akwai abin da ba ya shiga ramin nan. Leda, fasasshiyar kwalba, mataccen batir, ragowar nama, da bayan gidan mutum ko na kare. Jujin yanzu ba irin na da ba ne, leda ta cinye shi, in za ki ɗebo daga can sai kin tsince. Kashin kaji kuwa yana da ƙarfi ƙwarai. In kin zuba shi ɗanye a gindin shuka, ƙone saiwar zai yi, ki wayi gari ganye ya yi yaushi ki ce ko sammu ne. Ki bar shi ya ruɓe tukuna. Tokar murhu ma tana da amfani, tana taimaka wa shuka wajen fure da 'ya'ya, amma barbaɗawa ake yi, ba tulawa ba. Kuma kada ki gauraya ta da ɗanyen kashi, tana korar ƙarfinsa ya bi iska.

Kafin takin ya nuna, ki zaɓi wuri. Ki lura da inda rana ke daɗewa, aƙalla awa shida a yini. Ki ja da baya daga katangar laka, don danshi na cin gindinta, kada a je neman miya a rasa katanga. Fangali ɗaya ya ishe ki farawa, faɗinsa iya inda hannunki zai kai tsakiya ba tare da kin taka ciki ba. Ƙasar da ake takawa tauri take yi, saiwa ta kasa ratsa ta. In tsakar gidan siminti ne, ko gidan haya kike, wannan ma ba uzuri ba ne, 'yar nan. Buhun da aka gama da shi, fasasshen bokiti, tsohuwar randa, duk gona ne. Ki huda gindin don ruwa ya fita. Ki haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya, ki naɗe bakin buhun. Tumatir ɗaya ya ishi buhu ɗaya. Kada tausayi ya sa ki bar biyar, duk za su tsumbure.

Sannan ki bi lokaci, don kowace shuka da watanta. In ruwa ya zauna a watan Yuni, na kuɓewa ne da rama da yakuwa da lalo da kabewa. Alayyahu shi ne mai saurin faranta rai, cikin mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Da shi nake so ki fara, don wanda ya ga amfani da wuri ba ya saurin karaya. Kuɓewa takan fara 'ya'ya kafin ta cika wata biyu. Ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, in kin bari ta ƙosa uwar sai ta rage haihuwa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin latas ne da kabeji da karas da albasa da tumatir. Dubi masu lambun Danja da na bakin dam ɗin Mairuwa, a sanyin nan suke cin kasuwarsu. Tumatir da tattasai a reni irinsu a ƙaramin kasko, bayan mako uku zuwa huɗu a dasa da yamma, rana ta yi sanyi. Da bazara kuwa, Maris da Afrilu, zafi na kakkaɓe furen tumatir. Kada ki yi jayayya da rana. Ki riƙe zogalenki, ki haɗa sabon taki, ki jira ruwa.

Zogalen nan ki ba shi girmansa. Reshe kawai za ki yanko ki kafa, ya kama. In ya kai ƙirjinki ki datse kansa, zai yi rassa a inda hannu ke kaiwa. Ga kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ga miya, ga ƙarfin jiki ga mai shayarwa da yara. In za ki busar da shi, a inuwa, rana na rage masa amfani. Kuɓewa da tumatir in sun yi yawa a yanka a shanya. Kauɗar da kika ajiye da hunturu ita za ta rufa miki asiri a farkon damina, lokacin da ɗanye ya yi tsada.

Na san za ki ce ruwa. Gaskiya ne, jarka ba kyauta ba ce. Amma ruwa nawa ke bin rariya a gidanki kullum? Ki ajiye baho a wurin alwala. Ruwan wankin shinkafa, na wankin ganye, na gasara, duk na shuka ne. Mai kumfar omo da mai maiƙo ne ba a so. Ki ba da ruwa da sassafe ko da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba. Ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe, amma ki ɗan ja shi daga jikin shukar saboda gara. Tulu marar fenti in an binne shi zuwa wuya a tsakiyar fangali aka cika shi, a hankali yake tsatsafar da ruwa zuwa saiwa. Ki rufe bakinsa, da na duk wani mazubin ruwa, kada lambu ya zama gidan sauro.

Yanzu ki buɗe kunne, don wannan ita ce mafi nauyi. Ƙasarmu ta auduga ce, kusan kowane gida akwai ragowar maganin feshi a lungu. Don Allah kada ki ɗauko shi ki fesa wa abin da za ki yanka jibi ki ba 'ya'yanki. Ƙwaro zai mutu, amma dafin yana nan a ganye, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Lambun gida ƙarami ne, ido da hannu sun fi magani. Ki riƙa juya ganye da safe, tsutsar da kika gani ki cire ki jefa wa kaji. In abin ya yi yawa, ga dogon yaro a ƙofar gida. Ki daka busassun 'ya'yansa, ki jiƙa su kwana, ki tace da ƙyalle, ki yayyafa da yamma. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, duk da feshin da aka yi ta yi. Ganyen da kika ga ta yi masa farin zane a ciki, ki tsinke ki ƙone. Kuma kada ki maimaita tumatir a wuri ɗaya. Shi da tattasai da attaruhu da gauta da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Bayan su ki sa wake. In kin tuge shi ki duba saiwar, za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu ake tara wa ƙasa sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya.

Iri ma ba kullum ake saye ba. Ki zaɓi kuɓewar da ta fi lafiya, ki ɗaura mata tsumma don kada a tsinka, ki bar ta ta bushe a jikin uwar. Ki adana 'ya'yan a kwalba da 'yar toka. Haka alayyahu da rama da yakuwa. Irin tumatir na kanti mai aure ne in an ɗebi 'ya'yansa ba ya maimaita halin uwarsa, wannan sai a sake saye. In abu ya shige miki duhu, akwai malaman gona na hukumar KTARDA, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda tun 1922 ake wannan aikin a cikinta. Maigidanki ya tambayo miki. Matambayi ba ya ɓata.

Kada ki ce fure na masu kuɗi ne. Lalle ƙanshin furensa na cika tsakar gida da dare, ganyensa kuma kin san aikinsa. Zoɓo ado ne kuma abin sha. Daddoya da na'ana'a a bakin randa, ga ƙanshi ga shayi. Fure ke kiran ƙudan zuma, kuma in ba su zo ba kabewa sai ta yi ta fure tana zubarwa babu ɗa.

Sai danga. Akuya ba ta san wahalar kowa ba, aikin wata biyu takan gama da shi kafin ki sallame salla. Karan dawa da igiya sun isa. In ta maƙwabta ce ta yi ɓarna, kada ki ɗaga murya. Ki gyara dangarki, in kin yanka alayyahu ki aika musu. Malamai na faɗa mana abin da dabba ko tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce a gare shi. Kuma wadda kika ba ganye yau, ita za ta ba ki kashin awaki gobe. Yaranki ma ki ba kowa buhunsa, ya shuka, ya ba da ruwa. Yaron da ya reni kuɓewa da hannunsa ba ya raina miya, ba ya raina manomi.

Wata shukar za ta mutu, ɗiyata. Kowa tasa na mutuwa, har tsofaffin masu lambu. Ki sake sa wata. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kuɗin da kika rage a cefane, ko kaɗan ne, ki jefa a asusu, ranar sayen littafin makaranta ko magani za ki gane amfaninsa. Sharar gobe da safe kada ta je juji. Ki sa a haƙa ramin a makon nan, ki nemo buhu biyu da irin alayyahu. Allah ya sa albarka a hannunki, ya ba mu damina mai albarka.