Kafin Ka Sa Shagonka a Kundin Kasuwanci na Intanet

Da yawa daga 'yan kasuwarmu sun biya kuɗi an gina musu shafin intanet, suka zauna jiran kira, shiru kamar an shuka dusa. Mai neman shadda ko injin markaɗe bai san sunan shafinka ba. Abin da yake buƙata yake rubutawa, ya haɗa da sunan gari, sai kundin kasuwanci ya jero masa shaguna. In ba ka ciki, cinikin na maƙwabcinka ne.

Fara da Google Business Profile, wanda har zuwa 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne, kuma da shi kake mallakar bayanan shagonka a Google Maps. Za su nemi shaidar cewa wurin naka ne, sau da yawa ta bidiyon da ke nuna allon shago, titi da kayan ciki. Bayan nan ka ƙara da kundayen Najeriya irin su Finelib da BusinessList, kana liƙa adireshin shafinka a kowanne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne adireshi. Mun saba da kwatance: bayan masallaci, daura da mai shayi. To mai shayi yana iya tashi gobe. In a kasuwar Kantin Kwari ta Kano kake, rubuta sunan gidan, hawa na nawa, da lambar shago. Sannan ka tsaya a bakin ƙofarka da waya ka daidaita alamar taswira, domin ita direban da aka aiko ɗaukar kaya zai bi. Unguwar da tituna ba su da suna kuwa, Google Maps na ba kowane wuri gajeriyar lamba mai suna Plus Code; kwafe ta ka ajiye. Suna, adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi, har a Facebook da WhatsApp. Kada ka sa lambar yaron shago, ranar da ya tafi da abokan cinikin zai tafi. Haka nan wanda ya yi maka rajistar, ya miƙa maka ikon asusun a imel ɗinka tun ba ku saɓa ba.

A Google Business Profile ɗin, zaɓi rukunin da ya fi dacewa da sana'arka. Wurin bayani haruffa 750 kawai yake ɗauka, don haka bar kirari, faɗi abin da kake sayarwa da ko kana tura kaya wasu garuruwa. Sunan shago ka bar shi yadda yake a allo. Cusa masa "mafi arha a Kano" ya saɓa ƙa'idar Google, yana iya jawo a dakatar da kai. Lokutan aiki ma a gyara su: rufewar sallar Juma'a, sauyin watan azumi, hutun sallah. Hotuna ka ɗauka da rana, na kayanka na gaskiya.

Wanda ya ji daɗin ciniki, roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa. Mai ƙorafi ka amsa masa cikin ladabi, masu karantawa sun fi shi yawa. Sayen yabo haramun ne a dokar Google.

Masu cewa ka biya su zuba shafinka a ɗaruruwan kundaye kuwa, riƙe kuɗinka. Kundin Yahoo ya rufe a 2014, kundin DMOZ ya bi shi a 2017, kuma yawancin kundayen da suke tallata maka ba mai leƙa su. Uku ko huɗu da za ka riƙa dubawa duk wata sun ishe ka.