Bayan An Bar Gidan Mai Masauki: Yadda Za A Kafa Zama A Maraɗi

Tun daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda ta'asar 'yan bindiga. Talakawan ƙauyukan kan iyaka, musamman yankin Gidan Rumji, su suka fara buɗe musu zaure da rumbu, don Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri dangi ne. Daga baya hukumomin Nijar da HCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira, suka mai da wasu Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Shekaru sun tafi, gida bai komu ba, kuma zaman rumfar leda ba ya ɗorewa. Maigida, lokaci ya yi da za ka shirya zama na gaske.

Ka fara da ƙasa. Kada ka aza tubali ko ɗaya sai ka san matsayin filin: kyauta ce, aro ne, haya ce, ko saye? Wanda ya ce maka "gina abinka, ai mun zama ɗaya" da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ran da ya kwanta dama magadansa ba su ji wannan magana ba. Ku je gaban maigari da liman da shaidu daga ɓangarorin biyu, a ambaci iyakoki da tsawon wa'adi, a kuma faɗi makomar ginin in ka tashi. Sannan a rubuta. Dokar karkara ta Nijar, ta 1993, ta tanadi kwamitocin filaye da ake kira Kofo, daga ƙauye har gunduma, kuma suna ba da takardar shaidar aro ko haya ko saye. Neman takarda ba rashin yarda ba ne, shi ke hana zumunci lalacewa.

Gona ma haka, har ta fi tsanani, domin ƙasar noma a Maraɗi ta yi wa masu ita kansu kaɗan. An sha ganin baƙo ya zuba taki a gonar da ta gaji, gero ya yi kyau, baɗi mai gona ya ce yana son abarsa. Saboda haka ka nemi aron damina uku ko fiye, a rubuce, kafin ka kai taki. In ba a samu ba, ka noma wake ko gyaɗa, ka mai da ƙarfinka kan sana'ar rani: fawa, ɗinki, gini, kiwon awaki. Tallafin abinci yakan ragu, wani lokaci ya yanke, kada ka lissafa shi cikin abin da zai riƙe gida.

Takardun iyali kuwa a adana su cikin leda, wuri guda. Duk jaririn da aka haifa a yanka masa takardar haihuwa da wuri, don in wa'adi ya wuce sai an je kotu.

Makaranta tana ba iyaye tsoro saboda da Faransanci ake karatu. Ku sa yaran duk da haka, mata da maza, ko da an mai da su aji na baya. Yaro ya fi babba saurin kama harshe, kuma a can zai yi abokai 'yan gari.

Yawancin saɓani a bakin famfo da wurin yin itace yake farawa. Uwargida ki bi layi, ku biya kuɗin gyaran famfo kamar kowa, a tambayi inda aka yarda a sari itace. Ki shiga adashin matan gari, kada ki tsaya ga na 'yan uwanki kaɗai. Maigida ka je gayya, ka je suna da jana'iza, ka yi salla a masallacin gari.

Ku kuma masu masauki, Allah ya saka muku. Ku cika alherinku: in kun ba da aron fili ko gona, ku da kanku ku ce a je a rubuta, domin kunya ba za ta bar baƙo ya fara faɗa ba.