Dalma a cikin lambu

Idan damina ta wuce, ruwan Binuwai yakan ja baya. Sai masu lambu na Garuwa su sauka bakin kogi, su ja fangali. Suna shuka alayyafo da latas da yakuwa da tumatir.

Takin zamani yana da tsada. Don haka wasu sukan kwaso shara daga juji su zuba a lambu. Sharar da, toka ce da ganye da kashin awaki. Ta yau kuwa, akwai matattun batura a ciki, da gwangwanin fenti, da baƙin man mota. Waɗannan suna ɗauke da ƙarafa masu guba, kamar dalma da kadmiyom. Dalma ce take sa batirin mota ya yi nauyi.

Kashin akuya yakan ruɓe cikin ƴan watanni. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru. Idan saiwa ta sha ruwa, sai ta tsotso da ita. Ganye ya fi ƴaƴa ɗauka, shi ya sa alayyafo ya fi tumatir haɗari. Ba a ganinta a miya, ba a jin ɗanɗanonta. Tana taruwa a jiki kaɗan-kaɗan, kuma yara ta fi cuta, don tana taɓa ƙwaƙwalwa.

A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, dalma ta kashe yara fiye da 400. Daga duwatsun zinariya da ake dakawa a gida ta fito. A can sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka kawo sabuwa.

Mai lambu ba zai iya kwashe ƙasar lambunsa duka ba. To, yaya zai yi? Sai ya ɗaure gubar a inda take.

Ƙasa mai tsami ita ce take narkar da ƙarfe, har saiwa ta sha. Farar ƙasa tana kashe wannan tsami. Muna da ita kusa, ana gasa ta a Figil, kan hanyar Marwa. Tokar murhu ma tana wannan aiki. Amma a kula, tokar itace ake nufi. Tokar juji da aka ƙona da batura a ciki, guba ce kawai za ta ƙara. Kuma kaɗan ake barbaɗawa, don idan ta yi yawa shuka ba ta so.

Akwai kuma gawayi. Ana yinsa da karan dawa, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa. A daka shi, a gauraya da takin shanu wanda ya ruɓe sosai. Gawayi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ƙarfe yakan maƙale a cikinsu, sai kaɗan ya kai ga saiwa.

Gubar ba ta tafi ba, ɗaure ta aka yi. Sai an riƙa ƙara taki da toka lokaci-lokaci. A gida kuma a wanke ganye sosai kafin a dafa, don ƙurar da take kansa ma tana da dalma.

Kalmomi
dalma: le plomb
farar ƙasa: la chaux
gawayi: le charbon de bois

Tambayoyi
1. Me ya sa alayyafo ya fi tumatir haɗari?
2. Wace toka ce ba a zuba wa lambu?
3. A unguwarku, ina ake jefar da matattun batura?