Yadda Ake Cin Abinci Da Kyamara A Ƙasar Gumel

Wani matashi ya tare ni a bakin tasha a Ɗanzomo, ya ce yana sha'awar ɗaukar hoto amma an ce masa sana'ar ta mutu, tunda kowa da wayarsa. Na ce masa wadda ta mutu ita ce ta zaman shago ana jiran mai fasfo. A gari irin namu hoto iri ɗaya ba ya riƙe gida. Sai ka iya biki, ka iya hawa, ka iya kasuwa. Ga yadda na shimfiɗa masa hanyar.

Da farko, bar maganar sayen kyamara. Wayar da ke aljihunka ta isa ka koyi abin da ya fi komai wuya, wato haske. Samu ƙanenka ka tsayar da shi a wuri ɗaya, ka ɗauke shi da hantsi, da rana tsaka, da la'asar sakaliya, sannan ka jera hotunan ka duba. Za ka ga ranar tsaka ba ta da mutunci: hula ta jefa inuwa a ido, farar shadda ta ƙone, fuska ta yi duhu. Maganinta ka kai mutum bakin zaure ko gindin darbejiya, ya fuskanci waje, kai kuma ka ba hasken baya. Yi ta wannan har wata uku.

Na biyu, nemi ubangida a Gumel ka riƙe masa jaka. A wurinsa za ka ga abin da waya ba ta koyarwa: yadda ake jera dattawa ashirin bayan ɗaurin aure ba tare da an ɓata wa kowa ba, da yadda ake yanka farashi.

Na uku, kayan aiki. Sayi ta hannu, Canon ko Nikon, a Kano, kuma ka tafi da wanda ya san ta. A duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, a haska cikin idonta ko akwai tabo. In da sauran kuɗi, ƙara ido mai lamba 50, wanda ke fito da fuska fes ko a ɗaki mai duhu. Batir biyu, memori biyu. Wannan ba ado ba ne, za ka ji dalili.

Na huɗu shi ne gundarin sana'ar: ka bi shekara yadda manomi ke bin ta. Da kaka, in an cire gero, an sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi ya shiga hannu, sai bukukuwa su ɓarke daga Sule Tankarkar har Gagarawa. Nan ne ribar shekara take. Sai dai rabin biki a cikin gida ake yin sa, kamu da wuni da buɗar kai, kuma gidaje da yawa ba sa barin namiji baligi ya shiga. Kada ka yi gardama. Koya wa ƙanwarka ko maiɗakinka, kai kana ƙofar gida wurin ɗaurin aure, ita tana ciki. Wanda ya yi haka ya ninka kasuwarsa. Hoton amarya kuwa ba ya hawa Facebook sai da izinin masu shi. Sau ɗaya za ka yi wannan kuskure garin duka ya rufe maka ƙofa.

Da Sallah, hawan Mai Martaba Sarkin Gumel ne makarantarka. Doki ba ya jiran mai hoto. Ɗaga saurin kyamara zuwa 1/1000, ka durƙusa ƙasa-ƙasa don dokin ya cika hoto, ka tsaya inda rana ke bayanka. Washegari ka wanke hotunan ka bi mahaya gida-gida. Mutumin da ya kashe dukiya a kayan doki ba ya jin ƙyashin kuɗin hoto.

Ranar Alhamis kuma Maigatari. Mafi yawan masu hoto kallon raƙuma suke zuwa yi, alhali aiki na nan zube. Dillalin da ke da mai saye a Legas ko Fatakwal yana bukatar hoton sa ko rago da zai tura ta WhatsApp, musamman gab da Babbar Sallah. Ɗauki dabbar daga gefe, ƙafafu huɗu a bayyane, mutum tsaye kusa don a gane girmanta, ka haɗa da ɗan bidiyo tana tafiya. Haka masu zoɓo da riɗi. Amma ka tuna kana bakin iyaka: kada ka ɗaga kyamara wajen shingen kwastan ko jami'an shige da fice. Da damina kasuwa kan yi sanyi, sai ka koma fasfo, hoton ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, da walimar saukar Alƙur'ani.

Na biyar, shirya wa tsautsayi, don zai zo. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba. Kada ka taɓa sauya idon kyamara a fili, kuma kada ka goge shi da bakin riga, yashi ne za ka murza. Wuta kuwa ka san halinta, don haka ƙaramar sola ta fi maka sabuwar jaka. Ni nawa tsautsayin memori ne. Na gama bikin kwana uku, na dawo na sa a kwamfuta, ya ce babu komai. Na mayar da kuɗin mutane, na yi wata biyu ina kauce wa layin gidansu. Tun daga ranar ba na kwanciya sai na kwafe aikin yini a wuri biyu. In hakan ta same ka, cire memorin nan take, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa; sau da yawa masu gyaran kwamfuta na iya dawo da su. Sannan ka je da ƙafarka ka faɗi gaskiya, kada ka yi irin ɓuyan da na yi. Bashi kuma, karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ko da ɗan gwaggonka ne. Shi ma ya fi kowa wuyar biya.

In zuciya ta karaya, ka tuna Malick Sidibé na ƙasar Mali. Ɗan ƙauye ne da ya taso da kiwo, ido ɗaya ya rasa tun yana yaro, kuma hotunan biki da na samarin Bamako ya yi ta ɗauka. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venis a Italiya. Kusa da mu, hoton ambaliyar Auyo, nan cikin Jigawa, shi ya ciyo wa Sani Maikatanga na Kano gasar Wiki Loves Africa a 2023. Shi ya sa nake cewa kowane mako ka ɗauki hoto goma da ba wanda ya biya ka: masussuka, 'yan mata a rijiya, ayarin amalanke. Ajiye su da kwanan wata da sunan gari.

Alhamis mai zuwa ka cika wayarka da caji, ka shiga motar Maigatari tun da sassafe. Ka fara da gaida sarkin tike kafin ka ɗauki ko da hoto ɗaya.