Koya wa 'Yan Makaranta Gina Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai shi ne wurin da ake adana sunaye da lambobi da lissafi bisa tsari, yadda duk abin da aka nema za a same shi nan take. Rajistar aji ɗan ƙaramin rumbu ce, haka nan littafin da maigida yake rubuta basussukan fatake a zango. Abin da inji mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ya ƙara kawai shi ne sauri da ɗaukar kaya mai yawa.

A 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da ilmin kwamfuta a makarantu, a 2011 kuma aka soma aiki da wata manhaja ta manyan azuzuwan sakandare wadda ta ƙunshi darasin sarrafa bayanai. Amma kada malami ya naɗe hannu ya ce sai an kawo masa injuna. Allo da alli sun ishe shi darasin farko, wanda shi ne tushen sauran.

Mu ɗauki misali da wata makaranta a unguwar Ogui cikin Inugu, birnin da mutanen Arewa suka daɗe da zama, har Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950. Malami ya ja jadawali a allo, kowane yaro da layinsa, kowane bayani da gurbinsa: suna, sunan uba, ranar haihuwa, aji, garin asali. Sa'an nan ya ce a nemo masa Muhammadu Sani. Ba mamaki yara uku su miƙe. An rubuta wa ɗaya Mohammed, ɗaya Mamman, na ukun kuwa mai rubuta rajista ba ya jin Hausa, ya sa abin da kunnensa ya jiye masa. Daga nan yara za su gane da kansu cewa suna kaɗai ba ya rarrabe mutane. Sai a ba kowa lamba tasa, wadda ba a ba wani, ba a kuma sake ta ko ya canja aji. Ita ake kira mabuɗi.

Bayan haka a ja jadawali na biyu, na sakamakon jarrabawa. A nan ba a sake rubuta suna, lambar kaɗai ake sawa tare da darasi da maki. In aka gano kure a sunan yaro, wuri ɗaya za a gyara, ko'ina ya gyaru. Wani masani mai suna Edgar Codd na kamfanin IBM a Amurka ne ya bayyana wannan dabara ta haɗa jadawali da jadawali a 1970. Ranar da aka sami kwamfuta, sai a zuba aikin allon a cikinta, a koya wa yara yi mata tambaya, kamar a ce ta fito da 'yan aji biyar da suka faɗi lissafi.

Iyaye kada su ɗauki wannan wasan yara ne. Lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 ita ma mabuɗi ce, kuma tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita. Yaron da aka haifa a Kano, ya yi firamare a Anacha, ya ƙare sakandare a Fatakwal, yana iya tarar da sunansa iri uku a takardu uku. Gyaran yana cin kuɗi da zirga-zirga, wani lokaci kafin a gama an rufe rajista, shekara guda ta tafi.

Akwai kuma maganar amana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko masu riƙo ake sarrafa bayanan yaro ƙarami. Saboda haka in za a ɗora aikin gwaji a kan kwamfuta, a yi shi da sunayen ƙirƙira. Rajistar gaskiya kuwa ta zauna a hannun shugaban makaranta, a kulle ta da kalmar sirri.