Allurar Sinawa mai lantarki za ta dawo wa Baba da barci?

TAMBAYA: Wata baiwar Allah daga Dakoro ta rubuto cewa mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyar da suka wuce. Yanzu ya fara takawa da sanda, amma barci ya ƙaurace masa, yakan kwana idonsa biyu har kiran assalatu. Ta ji labarin likitocin ƙasar Sin suna tsira wa majinyaci allurai su haɗa da lantarki. Shin da gaske hakan yana sa barci? Me yake yi wa ƙwaƙwalwa, kuma ba zai ƙara mata lahani ba?

AMSA: Sannu da jinya, ɗiyata, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki ɗauki dattijo ki hau hanyar Maraɗi da shi.

Bari mu fara daga ciwon. Abin da likitocinmu ke kira AVC daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Jijiyar da ke kai mata jini ce take toshewa ko ta fashe, sai wurin da jinin bai isa ba ya mutu. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo haka. To, a ƙwaƙwalwar nan ne kuma agogon barci yake, shi ke cewa dare ya yi, shi ke cewa gari ya waye. Shi ya sa wajen mutum ɗaya cikin uku da suka yi wannan ciwo suke fama da rashin barci. Ba rigimar tsufa ba ce, kuma ba shafar iska ba ce.

Ita kuwa allurar, ba irin wadda muka saba ba ce. Babu magani a cikinta, ba ta da rami, siririya ce ƙwarai, kaurinta bai fi na gashin jelar doki ba. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna tsira ta a wasu wurare na jiki, haɗa ta da lantarki kuma ya yaɗu a wajensu tun shekarun 1950. Don barci, sukan sa ɗaya a tsakar kai, ɗaya tsakanin gira biyu, ɗaya a wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. Sai a maƙala musu wayoyi daga wata 'yar na'ura mai batir, wadda ba ta wuce ƙaramar rediyo ba. Cire tsoron wutar kamfanin lantarki na NIGELEC daga ranki. Mutum yakan ji ɗan zir-zir ne, naman wurin yana ɗan motsi, a yi minti 20 zuwa 30 a zare. Ba sau ɗaya ake yi ba, zuwa ne sau da yawa cikin makonni. Aikin ba baƙo ba ne a Nijar, domin tun 1976 Sin take turo ayarin likitoci daga yankin Guangxi, kuma akan samu masu wannan sana'a a cikinsu.

Lantarkin ba ya ratsa ƙoƙon kai ya shiga ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ji da ke ƙarƙashin fata yake taɓawa, su kuma su kai saƙo sama. Farfesa Han Jisheng na birnin Bejin ya shafe shekaru yana binciken wannan, ya nuna cewa bugu a hankali, sau 2 a sakan, yana sa jiki ya saki endofin, wato sinadarin rage zafi da jiki ke haɗa wa kansa, bugu mai sauri kuwa, sau 100 a sakan, wani ɗan uwansa daban yake fitarwa. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna canji a sinadaran da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, hoton ƙwaƙwalwar mutane kuma ya nuna aikin wasu sassa yana sauyawa lokacin da allurar take jiki. Amma wurin da ya riga ya mutu, allura ba ta tayar da shi. Sauƙin da kike gani a ƙafar Baba, sassan da suka tsira ne suke koyon aikin wanda ya tafi, kuma barci mai kyau yana taimaka musu.

A gwaje-gwaje da dama majinyata sun ce barcinsu ya gyaru. Sai dai yawancinsu a Sin aka yi, da mutane kaɗan, kuma da wuya a bambance aikin allura da aikin sa rai. Wanda aka kwantar a ɗaki shiru, likita yana lallaɓa shi rabin awa, ai ko ba komai zai ji sanyi. A ganina, abu ne da zai iya taimakawa, amma ƙari ne a kan magani. Kada a ajiye ƙwayar hawan jini saboda shi ko da kwana ɗaya.

Ga abin da na fi so ki yi tukuna, kuma ba ya cin ko dala. Daren yau ki zauna kusa da Baba idan barci ya ɗan ɗauke shi, ki kasa kunne. Yana minshari mai ƙarfi, sai ya yi tsit kamar numfashi ya tsaya, sannan ya farka da shaƙewa? Fiye da rabin masu wannan ciwo suna da irin wannan ɗaukewar numfashi, kuma allura ba ta buɗe maƙogwaro. In haka ne, ƙwayar barci ta 'yan talla, irin su diyazefam, tana iya ƙara tsananta abin, ga jiri da faɗuwa a hanyar bayi. Ki duba kuma ko kafaɗar da ta shanye ce take masa zogi, ko fitsari ne yake tashe shi, ko kuwa damuwar zuciya ce. Mutumin da ya saba shi ke fita gona da kasuwa, yau sai an ɗaga shi, ba lallai ya faɗi abin da ke cinsa ba. Baƙin ciki bayan wannan ciwo cuta ce, tana da magani.

Sannan a daina barin sa a ɗaki mai duhu yini guda. A shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida da hantsi, hasken safe shi ke saita agogon nan. Barcin rana ya zama gajere. Shayin dare, wanda na san ba a raba mutanen Dakoro da shi cikin sauƙi, a mayar masa da shi na safe, goro ma haka.

In bayan wannan kun yanke shawarar gwada allurar, ku fara da likitan da ke duba shi a Dakoro ko Maraɗi, ya tura ku wurin wanda ya koyi aikin. Ki gaya masa idan Baba yana da farfaɗiya, ko an dasa masa batirin zuciya, ko yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin. Ki nuna masa ɓarin da ba ya ji sosai, don can Baba ba zai iya cewa wuta ta yi yawa ba. A ɓare sabuwar allura daga leda a gabanki kowane zuwa, saboda ciwon hanta da sida. Ki tafi da kwalayen magungunansa duka, da wata takarda da za ki rubuta lokacin kwanciyarsa da na farkawarsa a ciki na mako biyu.